Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Samfurin Jirgin Yaƙin Akagi

Akagi jirgin ruwan Japan ne mai dakon jiragen sama, ɗaya daga cikin huɗun da Japan ta rasa a yaƙin Midway da Amurka a watan Yunin 1942. Tsawonsa kusan mita 260 ne, don haka samfurin ma'aunin 1/700, wato wanda aka rage girmansa sau 700, zai kai santimita 37.

Da farko wanke ɓangarorin robar da suka zo cikin kwalin samfurin da ruwan sabulu su bushe, in ba haka ba fenti zai iya ƙin kamawa da kyau. Yanke kowane yanki daga jikin robar da ke riƙe da shi da ƙaramin almakashi, kada ka ɓalle da hannu, sannan ka goge bakinsa da sanfefa.

Gwada haɗa gangar jirgin tukuna kafin ka sa gam. Gam ɗin kaɗan ya isa, da tsinken sakace za ka ɗiga shi.

Shafa wa gangar fenti ruwan toka, filin saukar jirage kuma launin katako.

A nan ne nake so ka natsu: hasumiyar Akagi, wato ginin da ake sarrafa jirgin daga cikinsa, a gefen hagu take, saɓanin yawancin irin waɗannan jirage da tasu ke dama. Duba takardar bayani sau biyu kafin ka manna ta.

Ƙananan jiragen Zero, wato jiragen saman yaƙi na Japan, su ne na ƙarshe. Ɗauke su da hantsaki, ka jera su a kan filin ta wajen bayan jirgin.