Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kaɗa Zaren Nano daga Furotin ɗin Tsirrai

Masara, waken suya da gyaɗa da ake jibgewa a kasuwar Dawanau duk suna ɗauke da furotin da za a iya kaɗawa da wutar lantarki ya zama zaren nano, wato zaren da ya fi gashin kai sirantaka sau fiye da 100. Da shi ake yin matatar iska, bandejin rauni da ledar kunshe abinci. Amma wanda ke son fitar da aikin daga ɗakin gwaji ya kai shi masana'anta a Sharada ko Challawa, akwai wuraren da zai yi tuntuɓe.

Tun daga kayan haɗi ake fara ɓata lamari. Tunkuza da dusar waken suya da aka gasa suna da arha, sai dai zafi ya riga ya lalata furotin ɗinsu, ba ya narkewa yadda ake so. A nemi wanda aka cire wa mai ba tare da zafi sosai ba. Ita gyaɗa kuwa, a gwada ta ko tana da gubar aflatoksin.

Furotin ɗin waken suya ba ya kaɗuwa shi kaɗai, sai an haɗa shi da PVA ko PEO, wato wasu sinadarai dangin roba masu narkewa a ruwa. Na masara, wato zein, yana kaɗuwa, amma ruwa zalla ba ya narkar da shi, sai itanol, wato sinadarin alkohol, mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Idan haɗin ya yi tsararo, gudaji za a gani maimakon zare, don haka a ƙara masa kauri.

Abin da na fi ganin ana rainawa shi ne yanayin Kano. Da hunturu iska takan bushe ƙayau, itanol ya tsere tun a bakin allurar da haɗin ke fitowa ta cikinta, allurar ta toshe, ga ƙura tana sauka a kan zaren. A watan Agusta kuma laima kan hana shi bushewa, ya manne wa juna. Saitin da ya yi kyau a Janairu ba zai yi a damina ba. Ɗaki rufaffe mai na'urar daidaita laima ya fi sabon inji muhimmanci. Kuma dole a sa fankar zuƙe tururi, domin tururin itanol kusa da wuta mai kilobolt 20 gobara ce.

Kuskure mafi cin kuɗi shi ne jera allurai da yawa da zaton amfani zai ninka. Allura ɗaya takan fitar da kimanin mililita 1 a awa, kuma idan an jera su, cajin kowace yana ture na maƙwabciyarta. Shi ya sa manyan masana'antu suka koma inji marar allura, irin Nanospider na kamfanin Elmarco da ke Liberec a ƙasar Cek, ko mai juyawa kamar injin alawar auduga.

Zaren zein kan kumbura ya ɓata siffarsa idan ya jiƙe. Asid ɗin sitirik da ɗan zafi na ƙarfafa shi. Sinadarin gulutaraldehaid ma yana yi, amma guba ne, kada a kusantar da shi ga abin da zai taɓa abinci ko rauni.