Kurakuran da aka fi yi wajen sayen tsohuwar jif ta alfarma domin iyali

Magidancin da iyalinsa suka yi yawa, kuma hannunsa ya ɗan yi nauyi, yakan fara hangen babbar jif irin Lexus GX 460, Mercedes GL450, BMW X5 ko Range Rover, musamman da yake tokumbonsu ba ya kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabuwa. Kuskuren farko, wanda sauran duk daga gare shi suke tsirowa, shi ne ɗaukar kuɗin saye a matsayin kuɗin motar. Farashin mota yana faɗuwa da shekaru, amma farashin kayan gyaranta, da man da take sha, da ƙwarewar bakaniken da take buƙata, suna nan daidai da matsayin da aka ƙera ta a kansa. Wanda ya zuba duk abin da ya tara wajen saye, ya bar aljihu babu komai, yakan wayi gari motar na jibge a ƙofar gida an lulluɓe ta da tampol saboda ɓacin abu guda. Gyaran wannan shi ne a raba kuɗin da ake da shi gida biyu tun kafin a taka wurin dillalai, a ware kaso mai kauri domin gyaran watannin farko, ko da hakan zai sa a sauko daga motar da ake mafarki zuwa wadda ba ta kai ta ba.

Sai maganar mai. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, injin V8, wato mai silinda takwas irin na GX 460 da GL450, ya zama nauyi na kowane mako. GX 460 tana shan kusan lita 15 zuwa 16 a kowace kilomita 100 a cikin gari, tankinta lita 87 ne, na GL450 kuwa ya kai lita 100, alhali Lexus RX 350 mai injin V6 tana tsayawa wajen lita 13. Mai kai yara makaranta safe da yamma cikin cunkoson Kano ko Abuja, da na'urar sanyaya mota a kunne, ya dace ya zauna da biro da takarda ya lissafa kilomitocin da yake ci a wata kafin ya yi ciniki.

Kuskuren da ya fi cinye kuɗi shi ne sayen mota da ido. Yawancin waɗannan motoci daga Amurka suke fitowa, kuma da dama daga wuraren gwanjo irin Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye su, kamar yadda ya faru bayan guguwar Harvey a Houston a 2017. Fanel bita da mai fenti suna iya mayar da jikin mota kamar sabo, amma ruwan da ya shiga wayoyi da kwamfutocin mota ba ya fita, sai dai ya riƙa nuna kansa a hankali: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe allon gaba ya mutu, jibi giya ta ƙi shiga. Kowace mota tana da lambar VIN mai haruffa da lambobi 17, a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. A ɗauki lambar a nemi rahoton Carfax, kamfanin da ke ajiye tarihin motoci, ko a saka ta a Google, domin sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo, da gabanta a murƙushe, suna nan a intanet. A ɗaga kafet a shinshina, a leƙa ƙarƙashin kujeru ko ƙarafunansu sun yi tsatsa, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshe a duba ko akwai alamar laka. Kada kuma a manta cewa agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, mil 120,000 kuwa ya haura kilomita 190,000, ban da cewa ana juya agogon baya, abin da rahoton VIN kan tona.

Akwai gwaji ɗaya da ba ya cin ko kwabo. A kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a ga cewa fitilar inji da ta jakar iska da ta birki duk sun kama, sannan su mutu bayan injin ya tashi. Fitilar da ba ta kama ba ko kaɗan, to mai yiwuwa an kashe ta ne domin ta rufe wani asiri. Bayan wannan a kira wanda ke da na'urar bincike ya jona ta a motar, kuma ya kasance mai saye ne ya kawo shi, ba dillali ba.

Haka nan mutane sukan sayi suna su manta da inji da shekara, alhali kowace mota tana da inda take ciwo. GL450 ta 2007 zuwa 2012 a kan balan-balan na iska take tsaye maimakon sifirin, kuma idan robarsu ta tsufa ta fara yoyo, famfon da ke hura su yakan yi ta aiki har ya ƙone, gyara ɗaya ya zama biyu. Range Rover ma haka take, ga kuma matsalar sarƙar taimin a injinta mai lita 5.0 na shekarun farko. Hanyar ganewa ita ce a bar motar ta kwana, a zo da sassafe kafin kowa ya tayar da ita. Idan gefe ɗaya ya zauna ƙasa, an ga amsa. X5 ta fi fama da famfon ruwa na lantarki da robobin lagireto, abin da zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba ya yi wa sassauci. Ita Lexus, da yake Toyota ce ke ƙera ta, ta fi su juriya da sauƙin kayan gyara a Ƙofar Ruwa, Panteka ko Ladipo, kuma a ganina ita ce zaɓin magidancin da mota ɗaya yake da ita. Sai dai ko ita ba a barin ta haka: RX 330 da GX 470 bel ne ke juya taimin ɗinsu, ana sauya shi wajen mil 90,000, kuma idan babu shaidar an sauya, a ɗauka ba a yi ba.

Da yawa daga motocin da ake cewa ba su da ƙwari, a garejin unguwa aka kashe su. Ana zuba baƙin mai 20W-50 a injin da aka rubuta wa 0W-20 ko 5W-30, da hujjar cewa ƙasarmu da zafi, alhali ƙananan hanyoyin man da ke sarrafa bawul ba sa jure mai kauri. Ana cire tamostat, mai daidaita zafin inji, a cika lagireto da ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya inji, tsatsa ta ci injin daga ciki. Ana zuba kowane jan mai a giyabos, bayan Toyota ta ce nau'in WS ga yawancin motocinta na baya-bayan nan, Mercedes kuma tana da nata na musamman. Duk wannan yana rubuce a littafin motar, wasu ma a kan murfin man. Ya kamata mai mota ya sayi man da kansa a wurin da ya amince da shi, ya tsaya a zuba a gabansa, kuma ya nemi bakaniken da ya ƙware a irin motar tun kafin ya saye ta. Idan garin da yake zaune babu mai gyaran Range Rover, kowace ƙaramar matsala za ta zama tafiya Kaduna ko Abuja da motar a bayan tirela.

Tayoyi ma ana raina su. Jif mai rim 19 ko 20 tayoyinta huɗu kuɗi ne mai yawa, shi ya sa ake komawa ga na hannu. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke bayan rubutun DOT. 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018, kuma tayar da ta haura shekara shida ba ta dace da mota mai nauyin sama da tan biyu, cike da yara, a kan kwalta mai zafi ba. A motar da ƙafafunta huɗu ke ja, haɗa tayoyi masu bambancin girma yana cin giyar tsakiya.

Wanda yake neman motar domin iyali ya je da iyalin su shiga kafin ya biya. RX 350 kujeru biyar gare ta, ba ta samu layi na uku ba sai a RX 350L ta 2018, GX 460 kuwa idan aka ɗaga kujerun baya, wurin kaya ba ya wuce na jaka biyu. Sannan a karɓi takardun kwastam a kai ofishinsu a tantance cewa lambar VIN da ke jiki ita ce ta motar, domin an hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu a Janairun 2017, kuma motar da aka kama da takardar jabu a hanya, mai ita ne zai biya harajin daga aljihunsa ko ya rasa ta gaba ɗaya.