Yadda Mai Tura Waƙoƙi Zai Tsara Mawaƙa Mata Bisa Shekarun Tashensu

Duk mai sana'ar tura waƙoƙi a waya, ko a kasuwar Wudil ta ranar Juma'a yake ko a ta Maigatari ta ranar Alhamis, zai sauƙaƙa wa kansa aiki idan ya jera mawaƙa mata bisa shekarar da tauraruwarsu ta haska, domin mai saye yakan tuna lokacin da ya fara jin murya ko da sunan ya ɓace masa.

Ka fara buɗe folda uku a kwamfutarka. A ta farko ka sanya Britney Spears da Christina Aguilera, 'yan Amurka da suka fitar da kundin waƙoƙinsu na farko a 1999. Ta biyu ta 2008 ce, shekarar Lady Gaga da Adele 'yar Ingila.

Ta uku, ta wajajen 2020, ita ce mai ciniki, kuma a nan ya kamata ka natsu. Ka haɗa Billie Eilish, wadda ta lashe manyan kyaututtuka huɗu na Grammy, bikin karrama mawaƙa na Amurka, a Janairun 2020 tana da shekara 18, da 'yan Nijeriya biyu, Teni da Tems, amma ka saurari kowace waƙa da kanka kafin ka tura wa kowa, tunda sau da yawa wayar da aka kawo maka ta gida ce, uwa da 'ya'yanta ke amfani da ita. A ganina, sauti ya fi bidiyo dacewa a ƙauye, ga shi kuma ba ya cika memori.