Kafin ka biya kuɗin mastar gudanar da ayyuka

Salamu alaikum ƴan uwa. Ga masu aikin kwamfuta a Damagaram da ke shirin yin masta kan gudanar da ayyuka: kafin ka biya ko dala, tambayi makarantar ko CAMES, hukumar Afirka da ke tantance takardun jami'o'i, ta amince da takardarta, musamman masu koyarwa ta intanet. Masta shekara 2 ce bayan lisansi, kuɗin kuma ba kaɗan ba.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne rubutu. Daga yau, duk aikin da ka jagoranta, ko haɗa kwamfutocin wani ofis ne, ko girka manhajar biyan albashi, ka rubuta ranar farawa da ta gamawa, kuɗin da aka ware, mutanen da ka riƙe, da inda aiki ya cije. Jarrabawar PMP, ta samun takardar ƙwarewa ta duniya kan gudanar da ayyuka, tana neman wata 36 na jagorancin ayyuka ga mai lisansi, da horo na awa 35, kuma masu shirya ta sukan nemi shaida. Littafin da ka rubuta waɗannan bayanai a ciki ne zai zama shaidarka, kuma tushen kundinka na ƙarshen masta.

Wanda bai cika sharuɗɗan PMP ba tukuna, ya fara da CAPM, takardar ƙwarewa ta masu farawa a fannin.