Yadda ake kwana a babban otal kusa da Harami da maki maimakon kuɗi

Duk wanda ya taɓa fitowa daga Harami bayan sallar isha'i, ƙafafu sun yi tsami, yana neman motar komawa masauki a Kudai ko Aziziyya, ya san yadda ake ɗaga kai a kalli benayen Jabal Omar da hasumiyar agogo. Mutanen da ke can sai sun ji kiran salla suke saukowa. Yawancinsu kuɗi suka zuba. Amma akwai waɗanda maki suka biya da shi, wato ladan da kamfanonin otal ke ba kwastoman da ya yi rajista duk lokacin da ya kwana a wurinsu. Abin ba asiri ba ne, sai dai yana son lissafi da haƙuri.

Ka fara da zaɓen kamfani ɗaya

Manyan otal-otal ɗin da ke kewaye da Harami kusan duk suna ƙarƙashin kamfanoni biyar. Conrad da Hilton Suites na tsarin Hilton Honors ne. Marriott na Jabal Omar yana cikin Marriott Bonvoy, Hyatt Regency yana World of Hyatt, InterContinental Dar Al Tawhid kuma na IHG One Rewards. Na hasumiyar agogo, irin su Fairmont da Raffles da Swissôtel da Pullman ZamZam, na Accor ne, tsarinsu ana kiransa ALL. Rajista a kowanne kyauta ce, a manhajar waya ake yi.

Kada ka duba wanda otal ɗinsa ya fi burge ka a Makka. Duba inda kake kwana a sauran watannin shekara. Idan aiki na yawan kai ka Abuja kana sauka a Transcorp Hilton, magana ta ƙare, Hilton za ka riƙe. Idan Legas kake zuwa, akwai Marriott da Sheraton a Ikeja, duka na Bonvoy. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirgar Dubai ko Alƙahira ko Guangzhou zai sami kusan kowanne. Wanda ya watsa kwanansa a kamfanoni huɗu zai wayi gari da maki kaɗan nan kaɗan can, babu wanda ya isa dare ɗaya.

Wajen rajista ka rubuta sunanka daidai yadda yake a fasfo. Na taɓa yin kusan wata biyu ina aika saƙonni kan makin kwana huɗu, saboda asusuna yana ɗauke da Muhammad, wanda ya kama mini ɗakin kuma ya rubuta Mohammed.

Sai tara makin

A nan ne mutanenmu suka fi yin asara ba su sani ba. Hilton da Marriott da IHG suna ba da maki 10 a kan kowace dala a yawancin otal-otal ɗinsu, ban da haraji. Amma da sharaɗi: sai ka kama ɗakin kai tsaye, ta manhajarsu ko shafinsu ko otal ɗin kansa. Ɗakin da aka kama ta Booking.com ko Agoda ko Expedia ba ya kawo maki ko ɗaya. Haka yawanci ɗakin da ke cikin kuɗin kujerar da ka biya ejan, haka wanda masu shirya taro suka biya a dunƙule. Sau nawa ma'aikaci zai yi sati guda a taron bita a otal mai tauraro biyar, ya fito hannu rabbana? Idan ofishinku ya yarda, ka biya da kanka su mayar maka da kuɗinka. Marriott ma yana ba da makin ɗakuna har uku idan kai ka biya kuma kana kwana a ɗaya daga ciki, saboda haka idan da iyali kake tafe, a haɗa duka a lambarka.

A ce kana kwana 20 a shekara, kowane dare dala 150. Dala 3,000 ke nan, maki 30,000. Kwana 10 a shekara na kai mutum matakin Silver, wanda a Hilton yake ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan makin. Ka ga an tashi 36,000. A otal irin Conrad wannan zai yi wuya ya wuce dare ɗaya, wani lokaci ma bai kai ba. Gaskiyar ke nan, kuma shi ya sa garaɓasar da suke yi lokaci-lokaci take da muhimmanci, irin ta ninka maki biyu. Ba ta shiga da kanta, sai ka danna rajista a manhaja kafin ka kwana. Wata hanyar ita ce haɗa gwiwa: Hilton yana barin mutum ya haɗa makinsa da na wasu har 10 ba tare da caji ba, to kai da uwargida da ƙaninka ɗan kasuwa kuna iya zubawa wuri guda.

Bidiyoyin da za ka gani na Amurkawa suna tara maki dubu ɗari a wata uku, katin bashi na bankunan ƙasarsu ne ke ba su. Mazaunin Kano ko Maraɗi ba shi da wannan ƙofar, kada ya ɓata lokacinsa.

Maki kuma yana mutuwa. A Hilton da Marriott, wata 24 ba motsi a asusu, ya tafi. A Accor shekara ɗaya ce. Kwana ɗaya tak ya isa ya sabunta wa'adin.

Lissafin da ba a tsallakewa

Ka buɗe manhaja, ka sa ranakun, ka dubi farashin ɗakin sau biyu: da kuɗi, haraji a ciki, sannan da maki. Abin da kake nema shi ne dala nawa kowane maki 1,000 ya tsaya maka.

A ce ɗakin dala 400 ne ko maki 70,000. Kowane 1,000 ya tsaya kusan dala 5.7. A ce a wani watan ɗakin nan ya sauko dala 180 amma ana neman maki 60,000. Ya zama dala 3 kacal. A na farko ka biya da maki, a na biyu ka zaro kuɗi ka adana makinka. Ma'aunin da nake amfani da shi a Hilton dala 5 ne, domin farashin da su kansu suke sayar da maki 1,000 ke nan idan sun yi garaɓasar saya ɗaya a ba ka ɗaya. Na Marriott ya fi wannan daraja kaɗan, to ma'auninsa ya ɗan ɗara.

Hilton da Marriott ba su da tsayayyen farashin maki, yana hawa yana sauka da kasuwa, Marriott tun 2022 ya koma haka. Accor kuwa nasa a ƙayyade yake: maki 2,000 daidai yake da yuro 40, ana cirewa daga kuɗin ɗaki. Ba ruɗani a ciki, amma ba sa'a. Idan ɗakin Fairmont ya ninka a watan azumi, makin da za ka zuba shi ma ya ninka.

Kama kwana biyar, ba huɗu ba

A Marriott, duk wanda ya kama dare biyar a jere da maki, ana yafe masa daren da ya fi araha a cikinsu. Hilton ma yana ba da dare na biyar kyauta, amma ga Silver zuwa sama, kuma sai ɗakin talakawan otal ɗin ne, wanda suke kira Standard Room Reward, an biya shi da maki zalla. Idan ka ga an rubuta Premium, makin na iya ninkawa uku, kuma ba dare kyauta. Idan makinka na dare huɗu ne cif, to dare biyar gare ka. Idan ya gaza da dubu biyar ko goma, a nan ne sayen maki yake da ma'ana, cike giɓi kawai.

Ka sa ido tun watanni kafin tafiya, domin irin waɗannan ɗakunan kaɗan ake warewa. Goman ƙarshe na Ramadan da kwanakin Hajji kuwa ka cire rai, da wuya ka gani. Rajab da Sha'aban da hutun ƙarshen shekara sun fi yiwuwa, kuma farashin kuɗi yana sama a lokacin, wato makin zai yi aiki sosai.

Kafin ka danna, ka yi magana da ejan ɗinka. Tun 2025 Saudiyya ta ɗaure bizar Umara da masaukin da aka yi wa rajista a Nusuk, wato shafin hukumar Hajji da Umara ta ƙasar, to ku daidaita yadda kwana biyar ɗinka za su shiga tsarin tafiyar. Ka kuma karanta ƙa'idar sokewa. Idan ka soke cikin wa'adi makinka zai dawo. Idan wa'adin ya wuce ko ba ka zo ba, wasu otal-otal kan ciri kuɗin dare ɗaya daga katinka, a farashin ranar.

Ranar shiga

Ka zo da fasfo da katin banki mai aiki da dala, domin ko da maki ka biya za su riƙe wani abu na jingina saboda abinci da wanki, su sake shi bayan ka fita. Ɗakin maki galibi na mutum biyu ne, tagarsa tana kallon gari. Idan ku huɗu ne, ka rubuta wa otal tun kafin ka zo, kada a tsaya ana ja-in-ja a gaban kanta da jakunkuna da yara. Karin kumallo ba lallai yana ciki ba, a Hilton sai ga mai matakin Gold zuwa sama, shi da mutum ɗaya.

A wurin karɓar baƙi ka yi sallama, ka nuna lambar asusunka, ka tambaya cikin ladabi ko akwai ɗakin da ke kallon Harami da nawa za a ƙara. Wani lokaci a ba ka kyauta, wani lokaci a faɗi kuɗin da bai kai rabin bambancin da ke manhaja ba, wani lokaci a ce babu. Abincin da ka ci a otal ɗin ka ce a rubuta a ɗaki, shi ma yana kawo maki. Ranar fita ka karɓi takardar lissafinka ka ɗauke ta hoto. Idan kwana goma suka wuce makin bai shigo ba, ita za ka tura musu ta manhaja.