Kurakuran da aka fi yi wajen neman matsalar hita a injin eskabeta

Da zarar hunturu ya kama, wayata ba ta hutawa da asuba. Direban eskabeta zai kira: "Maigida, ta ƙi tashi, sai farin hayaƙi kawai." Kafin in isa wurin an riga an yanke hukunci, wai hita (ɗan ƙarfen da ke ɗumama cikin silinda don inji ya tashi da sanyi) ta mutu, har an tura yaro kasuwa. Abin yana damuna, domin hita ita ce ta ƙarshe a layi. Kafin wuta ta kai gare ta sai ta bar batir, ta bi ta fiyus, ta ratsa rile (makunnin da ke sakar wa hita wuta idan an murɗa makulli), ta hau ƙarfen da ya haɗa kawunan hitocin, sannan ta koma ta jikin inji. Ko'ina a wannan hanya tana iya yankewa.

Tun farko ma a tabbatar injin yana da hita. Ƙananan eskabeta masu injin Kubota suna da hita guda a kan kowace silinda. Amma manya da yawa, irin Komatsu PC200, a bakin hanyar shigar iska aka sa abin ɗumamawar. Sannan a tambayi direba: da safe kaɗai take gardama, ko har da rana bayan inji ya yi zafi? In har da zafinta ma tana wahalar tashi, a bar hita ta huta, a koma kan mai, nozul (mai fesa mai cikin silinda) ko kwamfireshan (ƙarfin matse iska a silinda).

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yarda da fitilar dashbod. Fitilar ta kama, ta ɗauke, sai a ce ai wuta na zuwa. A injina da yawa fitilar nan umarni kawai take nunawa, ba ta san abin da ya isa ƙasa ba. Haka ƙarar "ƙas" da rile ke yi: shaida ce cewa ya motsa, ba shaida ba ce cewa bakinsa na wuce wuta. Na taɓa zuwa wani aiki a bayan Zariya, an sa sababbin hita huɗu, inji bai canza hali ba. Rile na ƙara lafiya lau. Da na fasa shi, tagullar ciki ta yi baƙi ƙirin, ta rarake kamar haƙorin da tsutsa ta ci. Tsofaffin hitocin da aka zubar a ƙasa kuwa, uku daga ciki lafiyarsu ƙalau.

Daga nan sai auna wuta babu nauyi a kai. Mutum ya cire waya, ya ɗora mita, ya ga bolt 12, ya ce layi lafiya. Ko zaren waya ɗaya ya rage, mita za ta nuna 12. Hita guda tana iya jan amfiya 10 zuwa 15 a farkon kunnawa, huɗu kuwa ka lissafa. Don haka a bar komai a haɗe, wani ya murɗa makulli zuwa wurin ɗumamawa, kai kuma ka sa tsinken mita ɗaya a kan fozitif na batir, ɗaya a kan ƙarfen hitocin. Abin da ka gani shi ne wutar da ta ɓace a hanya. In ta haura rabin bolt sosai, ka riƙa matsawa da tsinken: bayan fiyus, kafin rile, bayan rile, har ka ga inda lambar ta yi tsalle. Ka maimaita tsakanin jikin inji da negatif na batir. Wayar at ta eskabeta, wato wadda ke mayar da wuta daga jikin inji zuwa negatif, tana shan laka da tsatsa, kuma ba wanda ke tunawa da ita sai ta tsinke.

Wajen auna hitar kanta ma akwai tarko. Ƙarfen nan ya haɗa su wuri ɗaya, to in ka auna ba ka cire shi ba, masu rai za su rufa wa matacciya asiri. A kwance shi, a auna kowace ita kaɗai, daga kanta zuwa jikin inji. Ta bolt 12 mai lafiya ba ta nisa da om 1 (ma'aunin juriyar wuta) idan tana da sanyi, ta bolt 24 takan fi haka. Ka fara haɗa tsinkayen mitarka ka ga abin da suke nunawa su kaɗai, ka cire shi daga lissafi. Wadda ba ta nuna komai ba, to ta yanke a ciki, wadda ta bambanta da 'yan'uwanta kuma abar zargi ce.

Sayen hita da ido, don tsawo da zare sun yi daidai, shi ma yana jawo asara. Ana buga ƙarfin wutarta a jikinta, a goge a karanta. Manyan injina batir biyu suke haɗawa su ba da 24, ka sa musu ta 12 ba za ta kwana ba. Ta 24 a layin 12 kuwa ba za ta yi ja ba. Wasu sababbin injina kwamfuta ce ke ba hita wuta daidai gwargwado, ɗora irin wannan kai tsaye a kan batir don gwaji ƙona ta yake yi. A irinsu a duba na'urar auna zafin ruwa, domin in ta ce inji da ɗumi alhali da sanyi, kwamfuta ba za ta kunna hita ba sam.

Wanda ke ba ni tsoro shi ne fesa maganin tayar da inji, ko kanga tsumma mai fetur a bakin iska, alhali hita na ja. Wuta na iya tashi kafin lokacinta, ta fasa zoben fistin, ko ta dawo ta fuskar mai riƙe da tsumman. Don Allah a daina. Haka tsallake rile da waya a sa makunni na hannu: wata rana direba zai manta, bakin hitar ya kumbura, ya ƙi fitowa.

In ta tabbata sai an cire, a ɗumama injin in zai yiwu, a zuba man kwance tsatsa, a ba shi lokaci. A riƙa murɗawa gaba da baya a hankali. In ta karye a ciki, sau da yawa sai an sauke kan silinda, aikin awa ɗaya ya koma na kwanaki. Da ta fito, a dubi bakinta kafin a jefar. Idan ya narke ko ya gutsure, a kai nozul ɗin wannan silindar gwaji, a kuma duba ko rile na maƙalewa a kunne, in ba haka ba sabuwar ma hanyar da za ta bi ke nan.