Yadda ake amfani da kalmar "cheap" ba tare da an ɓata wa mutum rai ba

Masu koyon Turanci da yawa sun haddace cewa "cheap" ita ce araha, shi ke nan sai su riƙa jefa ta ko'ina. Wata ɗalibata ta taɓa tambayar wata baƙuwa Baturiya kuɗin jakarta, da ta ji sai ta ce mata "it is cheap". Nufinta matar ta yi sa'ar ciniki. Nan take fuskar baƙuwar ta sauya, don abin da ta ji shi ne jakarta ta banza ce.

Fara da sanin tushen kalmar. A tsohon Turanci "ceap" na nufin ciniki, kuma masana na danganta ta da "caupo" ta Latin, wato ɗan tireda ko mai masauki. Tsohon titin kasuwar Landan har yau Cheapside ake ce masa. A da, in kaya ya yi sauƙi sai a ce "good cheap", ciniki mai kyau. Wajen ƙarni na 16 aka yar da "good" ɗin, daga baya kuma ma'anar rashin inganci ta manne mata. Mu ma ai mun ce araha ba ta ado.

Sai mataki na biyu, inda kowa ke faɗuwa: kafin ka furta ta, dubi abin da kake siffantawa. Tumatir lokacin kaka, kuɗin mota, tikitin jirgi, duk babu laifi. Amma abin da ke jikin mutum, ko kayan ɗakinsa, ko kyautar da ya kawo maka, kada ka kuskura. A nan "affordable" ko "inexpensive" za ka ce, ko ka ce masa "you got a bargain". Ni ko a tallar shago ban yarda a rubuta "cheap" ba, tana zubar da darajar kayan. In kuwa ka ce mutum "cheap" ne, musamman a Amurka, marowaci ka kira shi.

In kana son ƙarin bayani kan kalmar, ba sai ka sayi ƙamus mai tsada ba, na Cambridge yana intanet kyauta, da misalan jimloli.

Wajen kwatanci "cheaper" da "cheapest" ake cewa, ban da "more cheap". Farashi kuma "low" yake zama, kayan ne ke zama "cheap".